Layin da Malam Rula Ya Ja

Ma'aikatan kamfanin niƙa dutse ne suka laƙaba masa Malam Rula, domin ba a taɓa ganin aljihunsa babu rula da fensir ba. Shi ne akawun ƙididdiga a ɗakin shan magani na kamfanin. Ofishinsa ɗan lungu ne bayan ɗakin allura: tebur ɗaya, kabad biyu, da tagar da ko an rufe ta sai farar ƙura ta kwanta a kan takardu kafin rana ta take. Mutum ne marar hayaniya, ba ya ƙara lamba ko ya rage don wani ya ji daɗi. Wallahi da mugu ne, da labarin nan ya fi sauƙin bayarwa.

Duk shekara kowane ma'aikaci yakan zo ya busa wani bututu, na'ura ta nuna ƙarfin huhunsa. Sai Malam Rula ya shimfiɗa takarda mai gida-gida. A kwance, shekarun da mutum ya yi a bakin injin; a tsaye, ƙarfin numfashinsa. Kowane mutum ɗigo ɗaya ne. In ɗigo ɗari uku suka watsu kamar an zuba wa kaji tsaba, sai ya duƙufa da lissafi, ya ja miƙaƙƙen layi guda ta tsakiyarsu, wanda ya fi kowane layi kusa da su gaba ɗaya. Gangarar layin ita ce amsa: in an ƙara shekara ɗaya cikin ƙura, numfashi kaza ke tafiya.

"Malam Rula," in ji masu tura baro, "ja mana layin da zai nuna ranar da manaja zai yi dariya mana!"

"Takardata ba ta kai can ba," yakan ce, ko ɗagowa ba ya yi.

Layin nasa kuwa kusan a kwance yake. In ka bi shi, mutum zai yi shekara ashirin da biyar kafin ƙura ta yi masa illa.

Ana nan sai ƙanensa Auta, uwa ɗaya uba ɗaya, ya samu gurbi a bakin injin. Ga mata, ga 'ya'ya biyu, ga zaman banza ya ishe shi. Tsohuwarsu ta ce sam.

"Tun daga titi nake jiyo tarin mutanen wurin nan," in ji ta. "Ba da ɗana ba."

Malam Rula ya kawo takardar har gida, ya baje ta a gabanta. "Inna, ba da ka nake magana ba. Mutum ɗari uku ne a nan. Ya yi shekara goma ya fito, babu abin da zai same shi."

Ta daɗe tana kallon ɗigon nan. "Ni ban san karatunku ba. Kai ne babba, kai ka sani. Ga amanarsa nan."

A shekara ta shida Auta ya fara tsayawa hutu a tsakiyar matakala. A ta bakwai ɗigonsa ya faɗo can ƙasa da layi. Malam Rula ya ce ai kowane layi da 'yan waɗanda ke yin nesa da shi, wataƙila ma na'urar ce. A ta takwas Auta ya kasa ɗaga shebur, ya ajiye aiki ya koma gida.

Da awon shekara ya zagayo, Malam Rula yana jera ɗigo sai ya nemi na ƙanensa ya rasa. To, ai ya bar aiki, ba ya cikin masu busawa. Ya gama lissafi ya ja layi, sai ga shi ya fi na bara kyau. Nan ya gano bakin zaren. Duk wanda ƙura ta ci, barin aiki yake yi. Wanda ya bari ba ya busa bututu. Wanda bai busa ba, ba shi da ɗigo. Shekara goma sha tara ke nan yana auna waɗanda suka tsira kaɗai, kuma babu kuskure ko ɗaya a lissafinsa. Kai, abin da ciwo!

Ya buɗe kabad na biyu, inda fayilolin waɗanda suka bar aiki ke jibge. Mutum ɗari biyu da sha biyu. Ya ɗauki hutu, ya ari na'urar, ya shiga bin su gida-gida. A ƙofofi da yawa mace ce ke leƙowa.

"Ayya, ai ya rasu, bana shekara huɗu. Tari ne."

Saba'in ya samu da rai, wasu sai an tallafe su suke busawa. Da ya zuba su a takarda, layin ya sunkuya ƙasa kamar an danne masa kai. Shekara bakwai zuwa takwas, ba ashirin da biyar ba. Ya kai wa manaja. Manaja ya duba, ya turo masa abinsa.

"Waɗannan ba ma'aikatanmu ba ne yanzu. Kuma layin farkon ma, Malam, wa ya ja shi?"

Gidan Auta ya bari sai a ƙarshe, don tsoro. Ya same shi a jingine da matashi uku, Inna na yi masa fifita. Auta ya busa, allurar na'urar ta ɗan motsa ta koma. Ya ga yayan nasa ya tsaya da fensir a hannu, sai tausayinsa ya kama shi.

"Yaya, kar ka sa wa ranka damuwa," ya ce, yana tsayawa bayan kowace kalma biyu. "Lissafinka daidai ne. Ni ne dai na fita daban."

Da Malam Rula ya yi shiru, da an bar maganar a haka. Amma mutumin nan bai iya gyara lamba ba.

"Ba ka fita daban ba, Auta. Ga sabon layin, ga ka a kansa daidai. Da na ƙirga kowa tun farko, da na san a wannan shekarar za ka kwanta tun kafin ka fara."

Fifitar ta tsaya a hannun Inna.

Wata biyu bayan nan Auta ya rasu. Malam Rula yana nan a lungunsa, yana koya wa duk sabon akawu ya fara tambayar wa ba ya cikin takarda. Inna ba ta zage shi ba, ba ta yi masa baki ba, in ya gaishe ta tana amsawa. Sai dai daga ranar nan ba ta ƙara tambayarsa komai ba, ko da ƙarfe nawa ne.