Jan Ɗigo a Kan Saniyar Baffa Ja'e

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka binne yayana Malam Tukur a Madadi, amma har yau akwai gidajen da in an ambaci sunansa sai a rage murya.

Malamin kimiyya ne a wata sakandare a Gwarzo, kuma babu abin da ya ɗauke masa hankali kamar zafi. Yakan ce duk abin da ke da ɗumi, mutum ko dabba ko bangon da rana ta daka, yana fitar da wani haske da ido ba ya gani. Yakan kai ɗalibai maƙera, ya sa su kara tafin hannu kusa da ƙarfe tun bai yi ja ba, ya ce abin da fatarsu ke ji haske ne, ido ne bai kai ba. Yana da wani gwangwani da ya shafe cikinsa da baƙin tukunya, ya huda masa 'yar kafa. Ya ce babu baƙin da ya kai na wannan kafar, don hasken da ya shiga ba ya samun hanyar fita, kuma abin da ya fi shanye haske shi ya fi fitar da shi in ya ɗau zafi. Mutanen gari kan gan shi da gwangwanin, su kalli juna.

Wata shekara wani abokinsa na Kano ya ara masa na'urar auna zafi daga nesa, mai kama da ƙaramar bindiga, tana jefa jan ɗigo a kan abin da aka saita. Na raka shi Masanawa gaida Baffa Ja'e, ƙanin mahaifinmu. Bayan gaisuwa muka shiga garke. Yaya ya saita hantsar wata saniya, ya ga gefe ɗaya ya fi ɗaya zafi.

"Baffa, a nemo wa wannan likitan dabbobi. Akwai ciwo a ciki."

"Da safen nan aka tatse ta," in ji Baffa. "Me ka harba mata?"

"Wallahi ba ta harba komai, Baffa. Zafin jikin take karɓa. Ɗigon na saiti ne kawai."

Baffa ya sa aka janye saniyar.

Ba a kira likita ba. Hantsar ta kumbura, nonon ya ɓaci, saniyar ta kwanta har aka yanka ta. Kafin kasuwa ta sake ci, labari ya kai Gwarzo cewa Tukur ya harbi dabbar baffansa da wutar da ba a gani. Iyaye suka janye 'ya'yansu daga darasin da yake yi a zaure. In ya bi ta kusa da turke, sai a tare masa hanya da gaisuwa har ya wuce. Da ciwon ajali ya kama shi, wasu suka ce abin da ya harba ne ya dawo masa. Baffa ya zo jana'iza, ya tsaya a sahun baya, ya tafi bai shiga gida ba.

Ni ma ina da nawa zargin. Mai kiwo irin Baffa, wanda ya tsufa a cikin shanu, da wuya hannunsa bai ji wannan zafin ba tun kafin mu zo. Ina jin abin da ya kasa haɗiya shi ne yaron da ya bar sanda ya bi boko ya faɗa masa a gaban 'ya'yansa. Ba ni da shaida, shi ma ya rasu. Allah Ya jiƙansu duka.

Da annobar korona ta zo, sai ga irin na'urar a ƙofar asibitoci ana saita goshin kowa. Aka ce tana taɓa ƙwaƙwalwa. Na yi ta tunanin me Yaya zai ce. Ba na jin zai yi dariya. Ya riga ya ɗanɗana abin da ke faruwa in ka nuna mutum da abin da bai san cikinsa ba.

Bai bar gona mai yawa ba, sunansa ma bai gama wankuwa ba. Amma 'yarsa Hauwa ma'aikaciyar lafiya ce yanzu a Kabo. Na taɓa zama ina kallon aikinta. Kafin ta auna kowa, goshinta take fara saitawa, ta nuna masa lambar, sannan ta ce, "Inna, kin yarda?" Wata tsohuwa ta girgiza kai. Hauwa ta ajiye na'urar a kan tebur, ta ɗora mata bayan hannu a goshi.