Aubrey Treloar da Mutumin Osaka

A garin Charters Towers kowa ya san Aubrey Treloar da taurin kai. Lokacin yaƙi da Japan shi ne mai riƙe da rediyo a wani jirgin jefa bama-bamai, a can kuma ya baro jin kunnensa na hagu. Da yaƙi ya ƙare aka jibge jiragen a bayan gari ana daddatsa su, sai ya kwance rediyo guda, wani baƙin akwati mai nauyin tsiya, ya turo shi gida a baro.

Ya yanki lasisin aika saƙo ta rediyo, ya ja wayar eriya daga mangwaro zuwa tankin ruwa. Matarsa Noelene ta kora shi rumfar bayan gida, wai akwatin in ya yi zafi ƙauri yake yi. 'Yan'uwansa masu sha'awar rediyo duk suka koma sababbin na'urori, shi ko ya ce nasa bai taɓa ba shi kunya a sama ba, balle a ƙasa.

Wata Lahadi da hantsi yana ƙwanƙwasa saƙo irin na bugun waya, sai amsa ta zo daga Osaka ta Japan. Sunan mutumin Shimoda. Daga jin yadda hannunsa ke buga saƙo Aubrey ya san koyon soja ne. Ya tambaya, Shimoda bai ɓoye ba: a jirgin yaƙi ya koya, a sararin samaniyar Rabaul, inda su Aubrey suka sha wuta.

Aubrey ya ɗora yatsa a kan maɓallin bugun saƙo. Ya buga: “Kun samu ruwa bana?”

Kafin mako labari ya kai kulob ɗin tsofaffin sojoji. Clarrie Dunstan, aminin Aubrey wanda ƙanensa ya mutu a hannun Japanawa, ya dangwarar da kofin giyarsa.

“Kai kurma, an ce ka yi sabon aboki?”

“Na yi. Tumatir yake nomawa, ya fi naka kyau.”

“Da rediyon jirginmu? Ko kunya ba ka ji?”

“Ni aka harba, Clarrie, ba labari aka ba ni ba. Na harbe su, sun harbe ni, an tashi. Babu mai zaɓa mini wanda zan gaisa da shi.”

“To zaɓi: ko mu, ko shi.”

Aubrey ya shanye abin da ya rage a kofinsa, ya ɗauki hularsa ya fita.

Shekara da shekaru suna hira da Shimoda, ta ciwon gwiwa da jikoki, ba su sake ambaton Rabaul ba. Clarrie kuwa ko a hanya suka haɗu sai ya kau da kai, har ya rasu.

Ranar jana'izar Clarrie, Aubrey ya zo da lambobin yabonsa na soja a ƙirji. Aka yi ta harararsa. Ya ratsa mutane ya sa kafaɗa ƙarƙashin akwatin gawar, ta gaba, hannun dama.

“Matsa mini, yaro,” ya ce wa ɗan Clarrie. “Na riga ka saninsa.”

Ɗan ya matsa.