Mota Daidai Tsayin Turmi

A da, idan mutumin ƙauyenmu zai sayi mota, tambayarsa ɗaya ce: buhu nawa take ɗauka? Ba mai tambayar abin da take sha, domin a lokacin mai bai fi ƙarfin kowa ba. Da wannan tunanin na sayi tsohuwar motata, doguwa mai faɗin ƙirji, wadda na yi fataucin goro da ita har Agadas, na kuma je Garwa da Injamaina, na dawo da dabino da kanwa. Yanzu tambayar ta juya. Tun da mai ya yi tashin gwauron zabo, motar ta koma zaman gindin darbejiya a ƙofar gida, kaji suka mai da ƙarƙashinta wurin shan inuwa. Bayan Babbar Sallah na sayar da ita ga masu kayan gyara, na haɗa da kuɗin waken suyan bara, na ƙudura niyyar neman 'yar ƙarama.

Ba don kaina ba ne. Uwargida ce ciwon gwiwa ya zaunar. Babur ya fi ƙarfinta, motar haya kuma sai an taka zuwa bakin titi, a can a cusa mutum huɗu a kujerar baya. Fitarta ta ƙarshe gaisuwar mutuwa ce, inda 'ya'yanmu maza biyu suka cicciɓe ta a gaban jama'a suka sa a mota. Da ta dawo ta ce, “Ni ba buhun masara ba ce,” kuma daga ranar ba ta sake taka ƙofar zaure ba. Biki ya wuce ta, suna ya wuce ta. Ga shi yayarta, wadda duk dangi ke kira Yaya Babba, tana kwance a wani ƙauye gaba da Bagwai, jiki ya yi nauyi, kullum saƙonta ɗaya ne: a kawo mata ƙanwarta ta gan ta.

Duk gidan nan abu ɗaya ne uwargida ke zama a kai ta kuma miƙe ba tare da an ba ta hannu ba, wato wani tsohon turmi da ta kife a bakin madafi. Saboda haka ana gobe tafiya na zaro karan dawa daga danga, na yanke shi daidai tsayin turmin. Na kuma yi masa tsaga daidai dokin ƙofar ɗakinta, iyakar inda take iya ɗaga ƙafa ke nan. Tana kallona ina awo ta ce, “Alhaji, tun yanzu? Ai da sauran numfashina.” Kun san a wajenmu da kara ake auna mamaci kafin a haƙa kabari. Muka yi dariya mu biyu, amma ni tawa ba ta kai ciki ba.

Mun tashi da asuba, ni da ƙaninta, bakanike ne a Bici, wanda ya zo gaishe ta ya kwana. Shi ma furfura ta cika masa gemu, amma har yau bai daina tsokanata ba. An yi ruwa cikin dare, hanyar ƙauyenmu ta zama layi biyu na taɓo inda amalanken shanu suka bi, da tudu a tsakiya. Ina bayan babur ɗinsa ina kallon tudun nan, ina tuna cewa duk motar da zan saya sai cikinta ya haye shi. Dama da hagu gero ya yi kai, dawa na bin bayansa, gyaɗa da wake a tsakani. Na ga ƙasashe, amma ban ga inda ake cin moriyar ƙasa kamar nan ba. A hanyar Agadas sai ka yi rabin yini ba ka ga bukka ba. A nan kuwa kafin ka gama amsa sallamar wani ƙauye ka shiga gonakin na gaba.

A Bici muka ajiye babur a garejinsa, muka karya da koko da ƙosai a bakin tasha. Ƙosan ya ƙanƙance har na tambayi mai suya ko da cokalin shayi take zubawa. Ta ce, “Baba, ka tambayi mai sayar da man gyaɗa.” Motar Kano da muka shiga, direban na kashe injin a duk gangara. Na san dabarar, direbobin Yamai ma haka suke yi, sai dai ba na sonta, domin birki kan yi tauri. Kuɗin motar ma ya ninka abin da na sani. Ba wanda ya yi gardama, kowa ya miƙa nasa. Muka wuce Dawanau, manyan motoci sun yi jerin gwano suna jiran lodin riɗi da wake, muka shiga birni hantsi ya ɗaga.

Wuraren sayar da motoci na bakin hanyar Katsina muka fara bi. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne manyan motoci masu silinda shida sun fi ƙanana araha. Kowa gudunsu yake. Wani dillali mai zaƙin baki ya ja ni wajen wata baƙa mai sheƙi, kujerun fata, ya ce, “Alhaji, wannan ce ajinka. Ka shiga ɗaurin aure da ita, kowa ya miƙe.” Ba zan ɓoye ba, zuciyata ta motsa. Ƙanin uwargida ya raɗa mini, “Za su miƙe, su tura ka zuwa gidan mai.” Na tuna masu sayen raƙumi a kasuwar Agadas. Wanda ya san abin da yake yi ba ya kallon sirdi, haƙori yake dubawa da tafin ƙafa.

Muka koma layin ƙanana. Waɗanda aka shigo da su ta Kwatano kuɗinsu ya yi mana nisa, har ban tsaya taya su ba. Muka tsaya kan na hannu, waɗanda aka riga aka hau a nan gida. Aikinmu ya kasu biyu. Ƙanin uwargida zai buɗe injin, ya zaro sandar baƙin mai ya murza a yatsa, ya zura yatsa a bakin salansa ya ga ko baƙin hayaƙi ya taru, ya kwanta ya leƙa ƙasa. Shawararsa ita ce mu nemi mai silinda huɗu, mai giyar hannu, wadda kayan gyaranta ke samuwa ko a Bici. Ni kuma zan buɗe ƙofar baya, in kafa karana a ƙasa, in gwada kujera da bakin ƙofa.

Nan aka sami abin kallo. Yaran dillalai suka riƙa bina daga mota zuwa mota. Wani ya ce, “Baba, mota kake saye ko fili?” Na ce masa ya bar ni, tela ma da awo yake ɗinki. Amma awon bai yi mini daɗi ba. Wadda ba ta shan mai, kujerarta na ƙasa kamar tabarma, in uwargida ta zauna sai an ɗago ta. Wadda kujerarta ta kai tsayin kara, ƙofar bayanta ƙunci gare ta, ba inda gwiwar da ba ta lanƙwasuwa za ta bi. Wadda ta cika duka biyun, kuɗinta ya fi abin da ke aljihuna. Har aka kira azahar ba mu tsayar da komai ba. Muka yi sallah, muka ci gurasa bandashe a gindin wata bishiya. Ni kuwa tunanin Yaya Babba nake, da yadda zan shiga gida hannu rabbana.

Ƙanin uwargida ne ya tuna wani abokin sana'arsa ya ce masa akwai malamin firamare a Bacirawa da ke neman sayar da tasa. Muka hau adaidaita sahu. Bacirawar da na sani gonaki ce da 'yan gidajen ƙasa. Yanzu bulo ne ko'ina, shago na jingine da shago, sai jefi-jefi ka ga ragowar wata gona an kewaye ta da gini kamar an yi mata ɗaurin talala.

Malamin dattijo ne mai sanyin magana. Motar kuma ba abin a-zo-a-gani ba ce. Fentinta ya koɗe, gefen hagu ya lotsa, na'urar sanyi ta daɗe da mutuwa. Amma 'yar duƙurƙusa ce mai tsayin rufi, cikinta ya ɗaga daga ƙasa, injin kuma na kaɗawa a hankali kamar keken ɗinki. Ƙanin uwargida ya gama dube-dubensa ya gyaɗa mini kai. Na buɗe ƙofar baya na kafa kara. Kujera daidai turmi, bakin ƙofa bai wuce tsaga ba. Sai dai ƙuncin nan dai. Na tsaya riƙe da kara.

Malamin bai yi dariya ba. Ya kalli karan, ya kalle ni, ya ce, “Gwiwa ce ko ƙugu?”

Na ce gwiwa ce, ta uwargida.

Ya ce mahaifiyarsa ƙugu ne, da motar nan ya riƙa kai ta asibiti har Allah Ya karɓi abarsa. Sannan ya ce, “To Alhaji, me ya sa kake auna baya?” Ya zagaya ya buɗe gidan gaba, ya ja wani ƙarfe a ƙarƙashin kujera, ta zame can baya, wuri ya buɗe har mutum ya miƙe ƙafa. Ya nuna mini yadda tsohuwarsa ke shiga: ta juya wa kujera baya, ta zauna tukuna, sannan ta shigo da ƙafafu ɗaya bayan ɗaya.

Wallahi tun safe wannan bai zo mini a rai ba, bai kuma zo wa ƙanin uwargida ba. A wajenmu gidan gaba na maza ne, na abokin maigida ko babban ɗa. Tun da aka kawo uwargida gidana, baya take zama. Na ga mata a gaban mota a Kwatano da Kumasi, na ga suna tuƙi ma, ban taɓa ɗauko abin na gwada a ƙofar gidana ba.

Duk da haka ba mu saya da ka ba. Muka je gidan mai aka cika tanki har baki, na tuƙa mu zuwa Dawanau muka dawo, aka sake cikawa. Abin da ta sha, tsohuwata na iya shanye shi kafin ta fita daga unguwa. Ciniki bai yi tsawo ba. Malam ya sauko, na ɗan hau, maƙwabtansa biyu suka shaida, aka duba takardu, aka yi addu'a. Gyaran na'urar sanyi na bar shi sai wata shekara, iskar Allah ta ishe mu.

Muka kamo hanya bayan la'asar. Hannuna ya saba da sitiyari mai nauyi, wannan kuwa kamar faifai. Manyan motoci in sun wuce mu sai ta ɗan yi rawa. A Bici muka sayi fura da nono na tsaraba, ƙanin nata ya ce babur ya kwana a gareji, sai ya ga ƙarshen wannan lamari da idonsa. Ya baje a gidan gaba yana ba ni umarni kamar shi ya biya. A hanyar ƙauye cikinta ya taɓa tudu sau ɗaya, na dafe ƙirji, ta wuce.

Rana ta yi ja muka tsaya a ƙofar gida. Kafin in kashe injin maƙwabta sun fito. Uwargida ta dogaro sandarta har bakin zaure, ta tsaya. Na ga idonta na neman 'ya'yanta, tana jiran a zo a ɗauke ta. Na ce kowa ya matsa. Na ce wa ƙaninta ya sauka, na ja kujera baya, na buɗe mata ƙofa.

Ta ce, “Gaba? Wurin maza? Mutane su ce me?”

Ƙaninta ya ce, “Su ce Yaya ta yi direba. Tsoho ne dai, amma ba ya karɓar albashi.”

Na ce mata ta yi kamar turminta ne. Ta tako a hankali, ta juya baya, ta dafa ƙofa, ta zauna. Ta shigo da ƙafar dama, ta tallabo ta hagu da hannunta ta shigo da ita. Ba wanda ya taɓa ta. Ta gyara mayafi, ta daɗe tana kallon gilashin gaba, hanya a miƙe tsakanin gonakin gero. Can ta ce, “Ashe haka hanya take daga nan. Duk shekarun nan ƙeyarka kawai nake gani.”

Washegari da hantsi na kai ta wajen Yaya Babba. Mun same ta da rai da hankalinta. Na bar su a ɗaki na zauna a zaure, ina jiyo muryoyinsu ƙasa-ƙasa, wani lokaci dariya, wani lokaci shiru.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. Mai ƙaramin ƙarfi kada ya bi sheƙin fenti ko arahar babbar mota. Ya tafi da bakanike, ya gwada shan mai da kansa, ya tuna hanyar garinsu, ya kuma san wanda zai shiga motar kafin ya san sunanta. Karan na mai da shi cikin danga inda na zaro shi. Uwargida ta koma fita, ba mai ɗaukarta, kuma gidan gaba ya zama nata. Ko liman zan rage wa hanya, baya yake zama.