Baƙin Zare a Tashar Norwich

Wata tsohuwa ce zaune a tashar jirgin Norwich, tabarau a ƙarshen hanci, shayinta ya huce. Hoton zanen wata gimbiyar zamanin da yana kan cinyarta, tana kwaikwayon adon hannun rigar da baƙin zare kan farin ƙyalle. Da gani kayan wasan kwaikwayo ne, kuma ta sha faɗa da masu cewa a bar wa inji. Ta juya ƙyallen, bayan sak gaban, babu ƙulli ko ɗaya.

Wani mai jiran jirgi ya leƙo. "Iya, wane ɗan kallo zai ga cikin riga?"

Ko kai ba ta ɗaga ba. "A fatar yarinyar da za ta sa zai kwanta. Matsa, ka tare min haske."