Ludayin Iya a Randarmu

Wata Laraba ce a bazarar 1977, ina aji ɗaya, muna tsaka da rera karatu a gindin dalbejiya sai muka ji guɗa daga bakin masallaci. Kafin Malam ya juyo daga allo, rabin ajin ya watse. Muka tarar da gari ya yi cincirindo a kan famfon tuƙa-tuƙa, wanda wata ƙatuwar mota mai ƙara ta yi makonni tana haƙa wa rami. Mai unguwa ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla, ya danna mariƙin. Ruwa ya fara zuwa ja-ja, can sai ya washe, fari tas. Muka dinga tara kawunanmu a ƙasa har kayan makaranta suka jiƙe sharkaf. Mun sha bulala da muka koma, amma ban ga wanda ya yi nadama ba.

Ƙauyenmu yana bayan Dagumawa ne, kogin Wudil ya yi mana nisa, don haka tafki ne abin shanmu, mu da shanu. Da sassafe muke ɗaukar tulu da gammo, mu kore kainuwa da gindin ƙwarya mu ɗiba, a hanya kuma mu ajiye tulunan mu yi carafke har rana ta ɗaga. A wannan ruwa kurkunu yake, farar tsutsa mai kama da zare da ke fasa ƙafar mutum ta fito a hankali. Ba ta tashi fitowa sai damina, daidai lokacin noma. Kusan kowace shekara sai ta kwantar da Baba, ciyawa ta cinye gero, rumbunmu ya ƙare tun kafin bazara. Na san daren da Inna take ɗora tukunya da ruwa zalla don mu yi barci muna jira.

Famfo ya sauya mana rayuwa fiye da yadda muka zata. Ɗan abin da ake tarawa na gyara bai kai kuɗin goro ba. Muka daina makara a makaranta. Inna ta samu sararin dama koko na sayarwa, har direbobin da ke bin hanyar Wudil suka san ƙofar gidanmu. Bakin famfo kuwa ya zama dandali, a can ake kitso, a can ake faɗan layi, a can ake shiryawa. Mutum ɗaya ce ba ta yi murna ba, kakata Iya, mahaifiyar Baba. Ranar farko ta kurɓa, ta yatsine fuska ta ce, "Wannan ne ruwan? Salam, ba ƙamshi ba ɗanɗano, sai warin ƙarfe." Muka yi dariya, muka ɗauka rigimar tsufa ce.

A daminar farko an yi kurkunu kamar kullum, malamin tsafta ya ce ragowar bara ce, don sai ta shekara a jiki take fitowa. Daminar da ta biyo baya kuwa unguwarmu kaf ba mai ɗingishi. Ana cikin noman farko sai idon sawun Baba ya yi bororo. Mu da muka fi kowa kusa da famfo! Ya kwanta a zaure yana kallon maza suna wucewa da fartanya, ni kuwa tsoro ya cika ni, don na san abin da ke biyo baya.

Inna ce ta gano bakin zaren. Tana wanke randa ta ga laka a gindinta, alhali ruwan famfo ba ya barin laka. Ta tara mu yara za ta fara tuhuma, sai Iya ta ɗago labule ta ce, "Rabu da su, ni ce. Ludayi ɗaya tak nake zubawa, kamar gishiri a miya." Ashe tana da ɗan tulu a ƙarƙashin gado, in ta fita tsinkar rama sai ta biya tafki ta cika shi. Har zuciyarta ta yarda cewa ludayi guda ba zai yi wa randa guda komai ba, gyara mana ruwa take yi. Baba ya jiyo daga zaure, ya yi murmushin ciwo ya ce, "Iya, ai gishirin nan ya yi yawa."

Iya ta saki labule ta koma ɗaki. Baba ɗan farinta ne, a al'adarmu ko sunansa ba ta faɗa, balle ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Amma washegari ta shiga zaure da tsinke da man shanu, ta ɗora ƙafarsa a cinyarta, ta fara naɗe tsutsar kaɗan-kaɗan don kada ta tsinke. Kullum haka, har ta fita duka. Gonar kuwa, a karon farko aka samu ƙafafu masu lafiya da za su yi gayya. Maƙwabta suka fito da kalangu, kafin azahar sun share ta tas, Inna ta cika su da koko. A shekarar nan geronmu ya kai mu har wata kakar. Bayan Baba ya warke, ran wata Juma'a Iya ta je kasuwar Wudil da kanta, ta sayo sabuwar randa mai ƙamshin ƙasa da damin jema, ciyawar nan mai sa ruwa ƙamshi, ta jefa a ciki, ta cika ta da ruwan famfo zalla. Ta kurɓa ta ce, "To, yanzu ya fara hankali."

Yau ruwa a leda yake zuwa har gida, ba layi, ba faɗa, ba kitso a bakin famfo, kuma nakan yi kewar hayaniyar nan da mutanen da ke cikinta. Kwanaki na ambaci kurkunu a gaban jikata, ta tambaye ni ko wani abinci ne na mutanen da. Na yi dariya har da hawaye. Allah ya sa ta tsufa ba ta sani ba.