Inda Baba Yake Kallo

Shekarun baya, lokacin da na sayi laftof ɗina na farko, na naɗa kaina injiniyan gidanmu na Lugbe ba tare da kowa ya zaɓe ni ba. Ko rediyo ce ta ƙi kamawa sai na buɗe laftof ina gyaɗa kai. Ana cikin haka mahaifiyata ta miƙo mini wata tsohuwar jaka cike da hotuna, ta ce damina ta fara cin su, in san yadda zan yi.

Na kai wani shago aka yi mini sikanin ɗinsu, wato aka kwafe su zuwa kwamfuta, na zuba su a manhajar tsara hotuna. Abin da ya fi burge ni a manhajar shi ne tana jera hoto biyu gefe da gefe, ka kwatanta, ka goge wanda bai yi kyau ba. Ni kuwa hannuna da saurin gogewa.

Mama tana zaune kusa da ni tana tsince shinkafa, tana leƙen allon. Can ta ce, "Auta, ka duba da kyau, ko Allah zai sa a samu wanda muke tare da babanku."

Na san babu, ita ma ta sani. Tun rasuwar mahaifinmu wannan abu yake cin ta: zaman aure mai tsawo, amma ko hoto ɗaya ba su da shi tare. Yayata ta taɓa cewa a kai wa masu haɗa hoto su liƙa su wuri ɗaya. Mama ta ce ita ba ta son ƙarya a bangon ɗakinta.

Akwai wani hoton Baba da aka ɗauka a Karmo, farkon zuwansu Abuja yana aikin kafinta. Yana zaune a kan benci, ya juya kai gefe yana dariya, ko kallon mai hoto bai yi ba. Tun muna yara muke tsokanar hoton, muna cewa mai tallan gyaɗa ce ta wuce. Na yi niyyar yanke gefensa, don akwai wani ɗan ƙyalle mai ruwan goro da ya shigo ya ɓata shi. Kafin in yanke, sai na jawo wani tsohon hoton Mama na ajiye kusa da shi, kawai don in gwada haskensu. Ita ma a kan benci take, ta sunkuyar da kai, ta rufe baki da mayafi.

Mama ta ajiye tiren shinkafa.

"Ka juya su," ta ce. "Ai ba nan na zauna ba."

Na ce, "Mama, ba komai, arrangement ne kawai."

"Oga injiniya, na ce ka mai da ni hagunsa."

Na ja hotonta zuwa ɗaya gefen. Sai benci ya haɗu da benci. Labulen baya mai zanen furanni ya ɗora daga inda ya tsaya. Ƙyallen nan da nake shirin yankewa ashe gefen zaninta ne. Baba kuwa, da muka yi shekaru muna cewa hankalinsa ya tafi titi, ita yake kallo.

Daga baya ta ba ni labari. Tare suka je, da niyyar a ɗauke su tare. Da mai hoto ya ce ta matso ta dafa kafaɗar mijinta, ga abokan aikinsa tsaye a ƙofa, kunya ta kama ta, ta zame can ƙarshen benci ta ƙi motsi. Mai hoto ya yi lallashi ya gaji, ya ɗauki kowa shi kaɗai. Baba yana ta yi mata dariya yana cewa, "Yau kuma ni ne baƙo?" Nata ya shiga akwati, nasa ya hau bango, ba a sake haɗa su ba.

Na ce zan iya goge ɗan farin layin da ke tsakaninsu, su zama hoto guda. Ta riƙe hannuna.

"Bar shi. Haka muka zauna ranar."

Haka na kai aka wanke su, da layin da komai, aka sa a firam ɗaya. Yana ɗakinta har yanzu, saitin inda take sallar walha.

Ni dai tun daga ranar hannuna ya yi sanyi da gogewa. Har yau in na tuna saura ƙiris in yanke mahaifiyata daga hoton mijinta da sunan gyara, sai in gode wa Allah. Ina son matar nan ƙwarai, da kunyarta da taurin kanta. Wani lokaci in na shiga gaishe ta, nakan tarar ta ɗaga kai tana kallon firam ɗin. A hoto dai har gobe kanta a sunkuye yake, amma yanzu tana rama kallon da ya yi mata.