Wasoson Gidan Kadinal

Mutum ɗaya Bastiano ya yi wa aiki duk rayuwarsa. Tun Kadinal Ventimuri yana ƙaramin limamin coci a ƙauyensu na kan dutse, shi ke ja masa alfadari. Aka naɗa shi bishop, ya bi shi. Aka ba shi jar hular Kadinal, ya biyo shi nan Roma, aka damƙa wa Bastiano makullin ƙofar gida. Ni wanki nake yi a gidan, a idona aka yi komai.

Shekarar da Paparoma ya rasu, aka kulle manyan coci su zaɓi wani a cikinsu. Mu kuwa a al'adarmu, wanda aka zaɓa jama'a kan yi wasoson gidansa, tunda ya bar shi ke nan. Ran nan da hantsi sai ga taro a ƙofa, suna cewa tsoho Bastiano ya buɗe, maigidansa ya zama Paparoma.

Na ce, "Baba Bastiano, ka ji ƙararrawar da ake bugawa in an yi sabon Paparoma? Ni dai ban ji ba."

"Ke Nunzia, kumfar sabulu ta toshe miki kunne. Wa za su zaɓa in ba shi ba?"

Da hannunsa ya buɗe, yana hawayen murna. Suka kwashe gadaje da tulunan giya, har igiyar shanyata. Suka tafi da tsohuwar kujerar mahaifiyar Kadinal, wadda yake zama a kai in ciwon ƙafa ya tasar masa.

Ashe jita-jita ce. Wani aka zaɓa.

Kadinal ya dawo yana ɗingishi. Ya duba, babu abin zama, ya zauna a matakala.

"Ɓalle ƙofar suka yi?"

"Ni na buɗe, ranka ya daɗe."

"To. Ashe akwai mutum ɗaya a Roma da ya zaɓe ni." Ya sake dube-dube. "Kujerar Inna fa?"

Bastiano ya sunkuyar da kai.

Ba a kore shi ba, amma an ba wani makullin, kuma Kadinal bai ƙara kiran sunansa ba har ya rasu. Bara na gamu da Bastiano a kasuwar 'yan gwanjo, yana jujjuya kujerun mutane, masu kaya na zaginsa.

Ya ce, "Nunzia, kujerar nan ƙafarta ta baya ɗaure take da fata. Ko za ki gani a gidajen da kike wanki."